Kujerun da Muka Tara a Sito

Daren Talata, farkon damina

An sake cire kantoma. Yau sabon ya iso sakatariya, ko zama bai yi ba ya nuna kujerar ofis da baki.

"Malam Bello, a fitar min da ita. Ban san abin da aka binne cikinta ba."

Na ce, "To, ranka shi daɗe." Kowannensu haka yake cewa.

Ni na kai ta sito wurin 'yan uwanta. Ga su jere cikin ƙura kamar masu zaman makoki, har da ta kantoman da ya rasu, hannunta ya koɗe inda yake dafawa in zai miƙe. Babu wadda ban durƙusa gabanta ba ina roƙon a gina kwalbatin ƙauyenmu, inda ruwa ya ci ƙanena Sa'adu da albasarsa, yana hanyar kasuwar Jega. Kullum amsar, "In sha Allahu."

Da la'asar aka kawo sabuwa cikin leda. Ina taya su ɗauka, sai na tsinci kaina ina auna faɗinta da hannu, ko za ta shiga gurbin da ya rage a siton.

Ga hadari ya haɗu, barci ya ƙi. Za ta shiga.