Tarin Dattijuwa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aikin gareji?

Ba zan ɓoye maka ba, yanayin Baba ba ya yi mini daɗi. Tun da likita ya ce idanun nan ba za su dawo ba, ya shige ɗaki ya saki labule. Bakaniken da ake turo wa babura daga nesa don kawai ya saurari kukansu, yau ko rediyo ba ya so a kunna. Abinci sai Umma ta yi da gaske yake taɓawa. Jiya abokan aikinsa suka zo dubiya, ya ce a ce yana barci. Wallahi tsoro nake ji, kada zaman nan ya cinye shi muna kallo.

Ga kuma Dattijuwa, babur ɗinsa da nake zuwa aiki da ita, ta fara gardama. Da safe kafin ta tashi sai na buga kik har cinyata ta yi tsami, a hawan nan na kusa da asibiti kuwa saukowa nake in tura, ni da fararen kayan aiki. Na kai wa Baba ƙara, ya ce, “Kai ta wurin masu ido.” Ka ji fa.

Umma na gaishe ka. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta sarkin ƙorafi,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, yara na gaida Gwaggonsu.

Direban da ya ba ki takardar nan zai ba ki kwali. A ciki akwai sabon koyil, da fulogi, da ɗan baƙin akwati da muke kira sidi'ai. Tsohon kwantak ɗin Dattijuwa, mai sakar wa inji wuta, shi ne ya cinye, shi ya sa wuta ba ta isa fulogi da ƙarfi. Akwatin nan zai karɓe shi aiki, ta riƙa tashi da bugu ɗaya. Ki ɗaura da kanki, ai a gaban Baba kika koyi riƙon sifana.

Faifan da ke bayan magneto, wato tukunyar da ke haɗa wutar injin, shi ke tsayar da lokacin da wuta za ta tashi. Ki murɗa shi gaba har ƙarshe, ki ɗaure. Kada ki hau ta tukuna. Ki dai riƙa tayar da ita kowace safiya a ƙarƙashin tagar Baba, ki ɗan ja totur, ki kashe. Ban da tambaya, yawan tambaya ne ya hana ki ƙiba.

Ki gaida Umma. Baba kuma kada ki ce masa komai.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa, amma gaisuwar a taƙaice, don fushi nake da kai.

Wai kai ne babban bakanike! Na ɗaura komai yadda ka ce. Bugun farko kik ya dawo ya doke ni a ƙwauri, har yanzu ɗingishi nake. Da ta tashi kuwa sai tari da wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na daure na ci gaba don ka ce.

Ran nan ina cikin jan totur sai na ji tsawa daga ɗaki: “Wane marar imani ne yake kashe mini inji?” Kafin in amsa labule ya ɗaga. Baba ne, ba hula, ba takalmi, yana laluben bango. Umma ta saki tsintsiya.

“Kashe ta! Wutar tana riga fistan isowa, ba kya ji? Wa ya ɗaura wannan?”

Na ce ni ce. Ya ce, “Allah ya shirye ki. Miƙo sifana.”

Yaya, da ka ga hannun nan! Ya tsuguna, yatsunsa suka bi waya ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Ya kwance fulogi, ya shinshina, ya gwada bakinsa da farce, ya ɗan matse. Ya cire magneto, ya sassauta faifan, ya mayar da shi baya kaɗan, abin da bai kai kaurin ashana ba. Ya haɗa, ya ce in buga. Ya karkata kai ya saurara, ya ce, “Da saura.” Ya sake kwancewa. A karo na gaba ta tashi da bugu ɗaya, muryarta ta kwanta luf. Ya dafa tanki yana saurare, ni kuwa hawaye kawai nake, don ban taɓa ganin gwaninta irin wannan ba.

Ya ce in ɗauke shi mu gwada hawan asibiti. Muka haye ban ko sauya giya ba, yana bayana yana faɗin, “Ƙara mata!” Da muka dawo ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Kai kuma ka koma makaranta. Umma na sa maka albarka, ban san dalili ba.

Auta

*

Babban ɗana,

Bayan sallama. Auta ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana ta ƙara gishiri.

Kayan da ka aiko masu kyau ne. Amma ni na koya maka saita wuta, kuma ko a mafarki ba ka murɗa faifai har ƙarshe. Tun safiyar farko na gane da ni kake. Na so in share ka, kunnena ya ƙi.

Abu ɗaya zan yaba: ka zaɓi kuskuren da zai dami kunne, ka kuma hana a hau ta don kada fistan ya fashe. Wannan sai wanda ya iya.

Gobe Auta za ta sauke ni a garejina kafin ta wuce aiki. Nan gaba in kana so ka fito da ni daga ɗaki, kada ka wahalar da inji, kada ka karya mini ƙafar yarinya. Ka zo da kanka, ina marmarin jin muryarka.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka