Haruffanka Sun Rame

Zuwa ga Maigida, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyina bayan doguwar tafiya, wanda ya fara ɗora hannuna a kan biro.

Bayan gaisuwa mai yawa, Iya tana lafiya, sai gwiwar nan da ke tashi duk sa'ad da hadari ya haɗu. Auta ta yi mura kwana uku, ta warke, ta koma makaranta da surutunta. Babbar 'yarmu, Farfesarka, ta zo hutu daga jami'a, littattafai a akwati, kayan sawa a leda. Kyanwa ta haifi 'ya'ya huɗu cikin kwandon wanki. Saura mutum biyu a iyalin nan da ba zan ce suna lafiya ba, ni da kai. Nawa ciwon sananne ne, kewarka ce. Naka kuwa dakata, zan zo kansa, domin yanzu ni mai bincike ce, ba na magana sai da hujja.

Ka tuna ranar da na dawo daga ajin manya ina kuka, malama ta ce in rubuta sunana na kasa? Ka zaunar da ni a teburin ɗakin girki, ka ture kwanuka gefe, ka zagayo ta bayana ka ɗora hannunka a kan nawa, hannu mai warin man inji. Harafin dai ban gan shi ba. Wani abu ne ya taso daga yatsuna, ya bi dantsena har ƙeya, kamar na taɓa wayar dutsen guga, ni da 'ya'ya biyu da furfura a goshi. Da aiki ya kai ka masana'antar takarda, ka yi alkawarin wasiƙa duk mako biyu don kada karatuna ya yi tsatsa. Yanzu guda arba'in da ɗaya ne a gwangwanin biskit.

To, abin da ya bi hannuna ranar nan ashe a littafi yake. Farfesa, da yake halayyar ɗan Adam take karanta, ta zana mini shi a bayan kalanda. Ta ce jikin mutum cike yake da ƙananan ƙwayoyin jijiya masu dogon wutsiya, saƙo na gudu a cikinsu kamar lantarki. Amma ƙwaya ba ta taɓa 'yar'uwarta. Akwai 'yar tazara a tsakani, sai wannan ta saki ɗan sinadari ya haye, waccan ta cafe. Na ce mata ai wannan ni ce da babanki, sinadarin kuwa shi ke zuwa a ambulan. Ta ce kuma ƙwayar ba ta yin rabin aiki, ko ta harba saƙon gaba ɗaya ko ta yi shiru. Ya tauraron asubata, wa ya ba masu littafin nan labarin son da nake maka?

Yanzu ga naka ciwon. Wanda ya koyi rubutu yana yaro ba ya kallon haruffa, wucewa yake yi. Ni da na same su da girma, na san kowanne kamar fuskar ɗana. Na san wutsiyar "g" ɗinka mai lanƙwasa kamar ƙugiya, na san "k" ɗinka mai buɗe ƙafa kamar yadda kake tsayuwa a bakin ƙofa. Wata biyar ke nan suna ramewa. Ka fara layi da haruffa kamar zakaru, ka ƙare shi da tururuwa. In na kira ka a waya, sai "lafiya lau" da dariya.

Na nuna wa Farfesa wasiƙun, ta yi mini dariya irin taka. Ta ce mai fargaba abin da yake tsoro yake gani, kuma wai ni ce na taɓa kai Auta asibiti saboda shaƙuwa. Ta ce wannan hasashe ne, ba hujja ba. Na ce to, yaya ake dafa hujjar? Ta ce a cire sauran dalilai ɗaya bayan ɗaya, sannan a ba wanda bai san abin da ake zato ba ya auna.

Biron da na aiko maka na ce kyauta ce haka kawai, irin tsohonka ne sak, don in ga ko laifin biro ne. Takarda mai faɗin layi ma ba rahusa na samu ba. Da na roƙe ka ka rubuto mini ranar hutunka, a nutse, so nake in ga ko gaggawa ce. Ka bi duka kamar ɗan rago, masoyina, haruffan ba su yi ƙiba ba.

Daga nan na rufe kwanan watan kowace wasiƙa, na naɗe ta layin gaisuwa kawai ke fitowa, na cakuɗa su, na kai wa matar tela. Ban gaya mata dalili ba. Na ce ta sa tef ɗinta ta jera mini su daga manyan haruffa zuwa ƙanana. Kada ka damu, ba ta karanta sirrinmu ba, ko da yake wane sirri, rabin wasiƙunka labarin inji ne, rabi tambayar ko an gyara famfo. Da muka buɗe kwanan watan, goman ƙarshe da ka aiko su ne a ƙasan jeri. Farfesa ta sake cakuɗawa ta auna da kanta da rula. Ba ta ƙara dariya ba.

Ta ce ita ba likita ba ce. Yana iya zama ido, ko gajiya, ko wata jijiya da ta matse a wuya. Yana iya zama abin da ya fi haka, wanda ganinsa da wuri ya fi. Na san abin da ya sa kake ɓoyewa. Hannun nan shi ne aikinka, kana tsoron manaja ya ga sukurudireba na zame maka. Ni kuwa manaja bai dame ni ba. Hannun nawa ne tun kafin ya zama nasu, aro na ba su.

Farfesa ta ce a ƙa'idarsu ba a gwaji a kan mutum a ɓoye, dole a sanar da shi, a nemi yardarsa. Na makara, amma ga shi na faɗa. In ka ji haushi, zo ka ji shi a gida, a kujerarka, inda zan ga fuskarka.

Na karɓo maka rana wajen likitan jijiya, Litinin, ashirin da ɗaya ga wata, ƙarfe tara na safe. Saura gwaji ɗaya, shi kam da saninka. Ga farar takarda na haɗo. Ka rubuta jimla ɗaya sau goma, layi bayan layi, ba hutawa, mu nuna wa likita. Farfesa ta ce kowace jimla ta isa, har ta kawo "yau rana ta fito". Na ce ni ce mai binciken, ni zan zaɓa. Ka rubuta "Ina sonki". Shekara ashirin da shida ban gan ta a takarda ba, ga ilimi ya kawo mini ita har gida. Likita ya duba layi ɗaya, taran nawa ne.

Amsarka ta iso kafin Alhamis, sha bakwai ga wata, da lokacin da motarka za ta sauka. In ba ta iso ba, zan ɗauko gwangwanin biskit da Iya da sandarta, mu zauna a ƙofar masana'anta har a tashi aiki.

Kome likita ya faɗa, hasken idona, ko haruffan sun koma ƙwayar yashi zan karanta su. In kuma biron ya ƙi tsayawa, zan zaunar da kai a teburin nan, in ture kwanuka, in zagayo ta bayanka. Na san inda ake ɗora hannu, kai ka koya mini.

Taka har ƙarshen numfashi,
Ɗalibarka ta farko.