Tsagar da Ba Ta Hau Ba

Daura, Lahadi

Zuwa ga Haulatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya ruwan zafi? Ya 'yar jaririyarmu? Ki gaishe min da Iya da Baba Alhaji. Tunda kika tafi wankan gida garinku Babban Mutum, gidan nan ya yi min faɗi.

Laftof ɗin nan ta sa ni gaba. Da na buɗe taswirar gonakin Sandamu sai ta sandare. Injiniyan kamfanin kuma ya ce cikin mu biyun da ake gwadawa, wanda ya miƙa aikinsa ranar Alhamis shi za a ɗauka. Kin san wata nawa na yi ina zaune kafin wannan ta samu.

Sagir mai gyara ya ce ram zan ƙara mata, wani ɗan falle kore da ke ba ta ƙarfin ɗaukar aiki. Ya rubuta min a takarda cewa mai lamba uku za a saya, mai huɗu ba ya shiga. Babu shi a Daura. Shekaranjiya da na zo wurinku, bakina ya suɓuce a gaban Baba, ya ce ranar Litinin zai shiga Kano, in bar masa. Takardar tana aljihuna, amma na kasa miƙa masa. Ta yaya zan ba surukina takardar aike kamar yaron shago? Na ce a raina masu sayarwa sun san aikinsu.

Ki riƙa cin abinci sosai.

Naki,
Muhsin

Daura, Asabar

Haulatu,

Ina fatan kuna lafiya, ke da yarinya da Iya. Abin da zan faɗa miki na kasa faɗa a waya, shi ya sa na ba direba wannan.

Ranar Talata Baba ya biyo ta nan, ko gida bai je ba. Ya kwance hankici ya miƙo min abin da hannu biyu. Ya ce ya sa an ba shi sabon yayi, wanda ya fi kowanne tsada, don surukinsa ba zai yi aiki da tsohon kaya ba. Ina dubawa na ga lamba huɗu.

Ya zauna a kan tabarma, ya ce ba zai tashi ba sai ya ga ta yi gudu. Na shiga ɗaki na gwada. Akwai 'yar tsaga a ƙasan fallen da za ta hau wani ƙulli a gurbinsa, ta kauce da kamar ƙwayar shinkafa. Haulatu, na san abin da hakan ke nufi, ba jahilci ya sa ni ba. Amma ina jin tarinsa a zaure, na rasa bakin da zan ce masa kyautarsa ba ta yi ba. Na ɗauki reza na faɗaɗa tsagar, na danna, na kunna. Ƙaurin roba ya tashi, fitilar ta ɗauke. Na fito na ce masa ta yi, caji take sha. Ya daɗe yana sa min albarka.

Sagir ya ce allon cikinta ya ƙone. Ya ciro min taswirorin jiya Juma'a, amma tun ranar Alhamis aka ɗauki ɗaya mutumin. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan ji haushi sai kaina.

Don Allah kada Baba ya ji. Ɗazu ya kira yana murna, ya ce ya ba abokansa na kasuwa labari, kuma tunda ya dace, in ya koma Kano zai ƙaro min ɗaya. Na yi masa godiya.

Mijinki,
Muhsin