Awakin Zumunta da Na Sa Kika Sayar

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu ta Madakiya,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na san wasiƙa ba ta kaiwa inda kike hutawa, amma akwai maganar da na danne tun naira tana sabuwa, kuma ina so 'ya'yan matan zumuntarki su karanta.

Ke ce ma'ajin zumuntar mata ta cocinmu. Abin da mata suka tara, kashi uku kike yi masa. Da ɗaya ki sayi citta lokacin kaka, a tsaga, a shanya, a jira ta yi tsada. Da ɗaya ki sayi awaki ki raba wa mata kiwo, haihuwar fari ta zumunta, ta biyu ta mai kiwo. Sauran yana cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonki.

Sai ga ni na sauko daga jirgin ƙasa a Kafanchan, ɗalibin tattalin arziki daga Zariya, wando mai faɗin ƙafa yana share hanya, kai ya kumbura da boko. Bincike nake yi a kan yadda ƙungiyoyi ke juya kuɗinsu. Lokacin ne aka fara sayar wa 'yan ƙasa hannun jarin kamfanonin Turawa, ni kuwa na haddace lissafin ribarsa.

Na bi matan gida-gida da takardar tambayoyi. Nawa kuke zubawa, nawa kuke samu. Ko mace ɗaya ban tambaya me ake ajiyar domin sa ba.

Na ce miki akuya tana mutuwa, citta tana ruɓewa, takardar hannun jari kuwa tana nan. Kika juya ta a hannu kika ce, “Wannan takarda naka, Bulus, yana haihuwa?” Na ce har tagwaye. Kin yarda ne don ni ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a. Aka kora awakin kasuwa, aka kwashe cittar, har gwangwanin na sa kika zazzage, aka zuba duka a hannun jari.

Da damina naƙudar Ladi matar Yakubu, 'yar zumuntarku, ta zo da gardama. A da, akuya biyu za ki ja bakin hanya, kafin rana ta take an ɗauki shatar mota. Ranar takarda ce kawai a hannunki. A banki aka ce sai an aika Legas, a jira makonni. Kafin ku gama bin gidaje kuna haɗa kuɗin mota da na asibiti, yaron ya mutu a ciki. Ladi da kyar ta sha.

An gaya mini a taron zumunta sun tambaye ki wa ya ba ki shawara. Kika ce, “Ni ne na yi, ba kowa.” Suka karɓe muƙamin ma'aji daga hannunki. Ke da kike jan waƙa a gaba, kika koma bencin baya har ƙarshen ranki.

Binciken nawa kuwa yabo ya sha. Jarin ma daga baya ya kawo riba, wannan ya fi komai ci mini rai. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa kowace ajiya tana bukatar kason da za a iya taɓawa yau-yau, da Turanci mai nauyi, ban taɓa faɗin a ƙarƙashin gadon wa na fara ganinsa ba.

Ina jin kunya, Mama. Kin rufa mini asiri, ni kuma na bar ki da laifin saboda tsoro. Yau Ladi tana da rai, jiya na je na durƙusa na faɗa mata. Ku ma da kuke karantawa ku sani: Saratu ba ta yi wasa da amanar iyayenku ba. Ni ne.

Ubangiji ya gafarta mini, ya ta'azantar da Ladi, ya zaunar da ke a gaba cikin masu waƙa.

Ɗanki,
Bulus