Giwar da Ba Ta Yi Alkawari Ba

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ina fatan ke da jikoki kuna lafiya. Yau Laraba, tarin nan bai sake ni ba, amma da sauƙi.

Ta tagata nake kallon baƙin da ke zuwa hutu don ganin namun daji. Haƙurinsu yana burge ni. Tun asuba suke zaune shiru a bakin tafki, suna jiran giwar da ba ta yi musu alkawari ba. Ɗazu ta fito, ɗanta na biye da ita.

Na ce wa direbansu ni ma ɗana nake jira yau. Ya ce, "To Baba, daina tari, kar ka kore shi."

Ki sa mu a addu'a. Na danne tarin har magariba, bai zo ba.

Yayanki