Agogon Kwamfutar Baba

Zandam, Gwaram.

Zuwa ga Yayana Izzuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, Ya tsare ka a bakin aikinka can Fatakwal. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. An gama yankan gero, dawa ta fara nuna, akuyar Inna ta haifi biyu. Baba yana samun sauƙin shanyewar jikin, har ya fara riƙe cokali da hagu, sai dai bakin har yanzu bai buɗe ba. Ka yi haƙuri da na rubuto maimakon in kira. Ka san ni, da na ji muryarka a waya sai maganar ta gudu. Maƙwabcinmu Malam Zulkifli zai ɗauki hoton takardar gobe in ya shiga Birnin Kudu, ya turo maka.

Yaya, maganar rediyon Baba ce, wanda yake hira da mutanen nesa da shi. Gasar nan ta masu rediyo, wadda ake duba wanda ya fi samun mutanen ƙasashe, ranar Asabar ce. Tun da ciwon ya ɗauke masa magana, kai ne ka ce ba zai rasa abokansa ba, ka haɗa rediyon da kwamfuta don ta riƙa aika lambar kiransa a rubuce. Baba ya zagaye ranar a kalanda, kullum sai ya nuna min ita da yatsa.

Na yi duk yadda ka koya min. Na goge sola, babban batirinta ya cika. Wayar eriya tana nan daga bishiyar maina zuwa kan rumbu, na ma sauke zanin da ƙanwarmu Barira ta shanya a kanta. Na buɗe manhajar. Rediyon yana ta fito kamar tsuntsaye, layuka masu launi suna gangarowa a allo, amma ko sunan mai rediyo ɗaya bai fito ba.

Jiya na gano dalili. Ka san al'adar Inna ta tura agogon gida gaba don kada a makara sallar asuba. Da na bango ya mutu, sai aka koma duba lokaci a kwamfutar, ta sa ƙaninmu Hadi ya tura ta gaba ita ma. Sai na tuna ka ce wannan aiki da agogo yake tafiya: duniya duka tare ake aikawa, tare ake saurare, in naka ya kauce ko kaɗan, ba ka jin kowa, ba mai jin ka. Da na gaya wa Inna, ta ce ita ba ta taɓa jin agogon da ya fi salla ba, amma daga baya na gan ta a madafa tana share ido. Hadi kuwa ya ce shi aikensa aka yi, a bar shi ya sha iska.

Na yi ƙoƙarin mayar da shi. Ka ce in da sabis na intanet kwamfutar tana gyara agogonta da kanta, to sabis sai a tudun bayan makaranta, ita kuwa batirin cikinta ya mutu, da an zare ta daga wuta sai ta ɗauke. Na jira ƙarar da gidan rediyo ke yi kafin labarai don in danna daidai, amma kullum ko in riga ko in makara. Sau ɗaya sunaye suka fara fitowa, Baba ya yunƙura ya zauna sosai. Na ce bari in ƙara daidaitawa, sai suka ɓace, ba su dawo ba. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Malam Zulkifli ya ce a ba shi kwamfutar ya kai wa mai gyara a Birnin Kudu. Tsorona kada a zare wayoyin in kasa mayar da su, ko mai gyara ya taɓa abin da ka saita. Don Allah, Yaya, ka faɗa min: in ba shi ko in bari? In akwai wata dabara, ka rubuto ta dalla-dalla, yadda za ka yi wa ɗan aji uku.

Ɗazu da la'asar Baba ya kamo hannuna, ya riƙa ƙwanƙwasa bayansa da yatsa, gajere da dogo, irin maganar masu rediyo da ya koya maka kana yaro. Ya yi, ya sake, yana kallon fuskata yana jiran amsa. Yaya, ban san me ya ce ba. Kai kawai na gyaɗa masa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka yafe mata agogon. Barira da Hadi suna gaisuwa. Ka gaida Anti Munawwara da ɗana Muhsin. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran amsa kafin Asabar,
Ummussalma.