Bututun Malamin Taswira

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya ƙafar taka? Ina fatan shan maganin kake yi, ba ajiyarsa a kan firji ba.

Saƙonka ya iso, cewa in kama bakina in riƙe aikina. Na gode, amma tsaya ka ji.

Ka tuna malaminmu na labarin ƙasa, wanda yara ke kira Malam Bututu? Taswirorinsa yake naɗewa ya zura cikin bututun roba don gudun ruwa, ya saɓa a kafaɗa daga tsohon ginin makaranta zuwa sabo. A kan hanyar nan aka kashe shi da rana tsaka, ina kallo ta tagar ajina. Jirgin nan mara matuƙi da sojoji suka sa gadin gada, mai zaɓar abin harbi da kansa, shi ya ɗauka bututun makami ne, ya harbe shi.

Kwamitin bincike ya zauna. Hafsan sojan ya ce babu yaronsa da ya danna komai. Wakilin kamfanin ya ce su dai sayarwa suka yi. Shugaban kwamitin ya ce to kuskuren na'ura ne, ita kuwa ba a kai ta kotu. Matar marigayin ta tambaye su ko na'urar ce za ta zo yi mata ta'aziyya.

Ni da 'yan ƙungiyar muhawara mun zauna mun karanta dokokin yaƙi na duniya. Wajibi ne a bambanta mayaƙi da farar hula, kuma a wuyan mutum wajibin yake, ba a wuyan ƙarfe ba. Wata ɗalibata da muke kira 'Yar Baki ta ce ai ko akuya ce ta shiga gona, mai ita ake nema, ba a zaunar da akuyar a yi mata tambayoyi.

Hedimasta ya ja mini kunne cewa in na ba da shaida, in nemi wata makarantar. Yaya, da wane ido zan dubi yaran nan in ce su riƙa faɗin gaskiya?

Ranar Litinin kwamitin zai yi zaman ƙarshe a sabon gini. Na sanar da su, na sanar da 'yan jarida: zan saɓa ɗaya bututun da Malam ya bari a ofis, in bi hanyar da ya bi. Yaran sun ce sai sun raka ni, na hana.

Ka sa ni a addu'a. Kada ka gaya wa Mama.

Ƙanwarka mai kunnen ƙashi.

Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina raye, sai ka kwantar da hankalinka.

Ranar Litinin na saɓa bututun, na hau hanyar. Na ɗaga kai, sama fayau, babu ƙugin jirgin nan da muka saba ji. Yaran da na hana fitowa sun cika tagogi suna ihu wai in gyara kafaɗa, ba haka Malam yake riƙewa ba.

Na shiga zauren, na zaro taswirar na shimfiɗa a kan teburinsu. Na tambayi hafsan abin da ya hana a harbe ni. Ya gyara zama, ya ce ai shi da kansa ya ba da umarnin a sauke jirgin tun da safe saboda lafiyata. Lauyansa ya dafe kai.

Matar marigayin ta miƙe. Ta ce ashe dai jirgin yana da mai saukewa, to a gaya mata wanda ya tashe shi a kan hanyar makaranta ranar da mijinta ya fito. Shugaban ya daɗe yana juya biro kafin ya rubuta. An miƙa maganar kotu, kuma sunan mutum ne a kanta.

Hedimasta ya karɓe mukullin ajina. A barandar gida nake koyarwa yanzu, taswirar Malam na rataye a ƙusar agogo, yara har bakin ƙofa. Kada ka ce in je ba shi haƙuri.

A gaishe mini da kowa. Yanzu kana iya gaya wa Mama.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.